An Ce Rabin Garkena Na Ɗauke da Cutar Kaska, In Yi Musu Allura Duka?

"Assalamu alaikum Likita. Ina da fararen shanu da na daɗe ina kiwo a wajen Saminaka. Bara na sayo karsana huɗu masu ruwa biyu, jinin Firiziyan, saboda madara. Da damina ta kankama sai biyu suka daina cin abinci, fitsarinsu ya koma ja, kafin a yi wani abin kirki sun mutu. An ɗebi jinin garken an kai gwaji, aka ce fiye da rabinsu na ɗauke da ƙwayar cutar kaska, alhali ni lafiya lau nake ganinsu. Shin cutar nan ta yi yawa haka a ƙasarmu? Kuma in sa a yi musu allura gaba ɗaya?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar maka da alheri. Karsana biyu masu jinin madara a wannan tsadar ba ƙaramar asara ba ce.

Tambayarka biyu ce a haɗe: yaya yawan cutar yake a shanunmu, kuma me ya kamata mai garke ya yi idan gwaji ya nuna masa irin wannan adadi. Abin da aka gaya maka bai ba ni mamaki ba ko kaɗan. Da za a ɗebi jinin garken maƙwabcinka, kusan haka za a samu. Kuma ban goyi bayan a bi shanu masu lafiya da allura ɗaya bayan ɗaya ba. A mafi rinjayen zato, waɗannan biyun ba don garkenka ya fi na kowa cuta suka mutu ba. Sun mutu ne don su ne baƙi a cikinsa, jikinsu bai san ƙwayar ba tun suna maruƙa.

Wacce daga ciki aka gani?

Cutar kaska ba guda ɗaya ba ce, kuma a nan ne takardar gwaji ke ruɗa mutane. Mai jan fitsari ita ce babesiya, wata ƙwaya 'yar mitsitsiya da ke shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini, ta hayayyafa a ciki, ta fasa su. Jan da ka gani a fitsari launin jinin da ya farfashe ne ƙoda ke tacewa tana zubarwa. Tun 1888 wani likita ɗan ƙasar Romaniya, Victor Babeş, ya fara ganinta a jinin shanu, a 1893 kuma Smith da Kilborne a Amurka suka tabbatar kaska ce ke ɗaukarta daga dabba zuwa dabba. Iri biyu ne ke damun shanu a nan. A takarda za ka ga an rubuta Babesia bigemina ko Babesia bovis. Ta farkon ta fi yawa a wurinmu, kuma ita ce ke saurin nuna jan fitsari. Ta biyun ba ta kai ta yawa ba amma ta fi ta mugunta, domin tana sa ƙwayoyin jini su manne a ƙananan jijiyoyi har da na ƙwaƙwalwa. Sai ka ga saniya tana tangaɗi, tana cizon haƙora, wani lokaci ta yi kan mutum, a ce iska ce ta buge ta.

Akwai anafilasma, wadda ita ma jini take ci amma a hankali. Ba ta jan fitsari. Alamarta shawara, rama, kashi mai tauri, da dasashi fari fat. Ba kaska kaɗai ke yaɗa ta ba, har da ƙudaje masu cizo da allura guda da ake zagaya garke da ita. Akwai cutar da ke tara ruwa a jakar zuciya, mai kisa cikin gaggawa. Sannan akwai taileriya, wadda ita ce mafi yawa a jinin shanunmu kuma mafi sauƙin illa. Wanda ya shiga intanet ya nemi wannan suna zai tsorata, don zai ci karo da labarin Theileria parva da ke ƙarar da garke a Kenya da Tanzaniya da Yuganda, ko Theileria annulata ta Sudan da arewacin Afirka. Namu irin, mutans da velifera, yawanci zama kawai suke yi a jini, sai dai su ƙara wa dabbar da ta riga ta jigata ƙarancin jini.

To idan an ce maka fiye da rabi na ɗauke da "ƙwayar cutar kaska", tambayar farko ita ce wacce. Rabin garke da taileriya mutans labari ne na yau da kullum. Rabin garke da Babesia bovis wata magana ce daban.

Yawan nata a ƙasa

Wani bincike da aka buga a 2016, wanda aka yi a kan shanu 704 na makiyaya a jihar Filato da gwajin ƙwayar halitta, ya samu kusan takwas cikin kowace goma na ɗauke da aƙalla ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyi, kuma mafi yawansu na ɗauke da biyu ko fiye a lokaci guda. Taileriya mutans ta kai kusan kashi biyu bisa uku. Anafilasma ta haura kashi ɗaya bisa uku. Babesia bigemina kusan kashi 8 cikin 100, Babesia bovis kuwa kashi 2. Waɗannan shanu ne da ke fita kiwo, ana tatsarsu, suna haihuwa. Daga Saminaka zuwa Filato ba nisa, ciyawa da ruwan sama da irin kaskar duk sun yi kama, saboda haka sakamakonka yana cikin abin da ake tsammani.

Amma kada ka riƙe kowane adadi kamar aya. Garke guda, rana guda, zai iya ba da amsa uku dangane da gwajin da aka yi. Idan an shafa jini a gilashi an duba da madubin likita, ba a cika ganin ƙwayar ba sai a dabbar da cutar ke ci a lokacin, don haka adadin kan fito kaɗan. Gwajin ƙwayar halitta, wanda ake kira PCR, yana kamo ko da ɗan burbushi ne, sai adadin ya tashi. Gwajin garkuwar jiki kuma ba ƙwayar yake nema ba, shaidar cewa dabbar ta taɓa haɗuwa da ita yake nema, ko da ta daɗe da rabuwa da ita. Shi ya sa kashi 8 ɗin can ba ya nufin kashi 8 ne kawai suka taɓa kamuwa.

Wuri da lokaci ma suna canza lissafi. Jinin da aka ɗiba a kwata ba ya wakiltar ruga, domin abin da ake kaiwa yanka sau da yawa tsofaffi ne da ramammu da waɗanda mai su ya ga alamar ba za su kai labari ba. Na asibitin dabbobi ya fi wannan karkata, tunda mai lafiya ba ya zuwa asibiti. Ƙarshen damina ba ɗaya yake da tsakiyar bazara ba. Haka nan ƙasar da ke da laima da doguwar ciyawa, irin kudancin Kaduna da Neja da Filato da tsaunukan Adamawa, ta fi can arewa mai rairayi yawan kaskar da ke ɗaukar babesiya, don ƙwan kaska da 'ya'yanta ba sa jure bushewa.

Me ya sa naka fararen ke tsaye, baƙin suka faɗi

A nan gizo ke saƙa. Ka dubi yadda zazzaɓin cizon sauro yake da mu: dattijon da aka haifa a bakin fadama, in aka gwada jininsa za a iya ganin ƙwayar alhali yana gona yana noma, amma baƙon da ya taso a ƙasar da babu sauro, cizon mako biyu ya isa ya kwantar da shi. Tsakanin saniya da babesiya ma haka ne, har da wani ƙarin rangwame da Allah ya yi wa maruƙa. Ɗan maraƙi yana samun kariya daga dakashin uwarsa a watannin farko, sannan yana da wata juriya ta halitta da ke kai shi wajen wata tara. Idan kaska mai ɗauke da ƙwayar ta cije shi a wannan tsakanin, zai kamu, ya ɗan yi zazzaɓin da ko mai kiwo ba zai lura ba, ya warke, ya fita da garkuwar da za ta daɗe tana tsare shi. Idan kuwa ya wuce wannan lokaci bai haɗu da ita ba, ranar da ya haɗu da ita yana babba, cuta ce sosai.

Wasu masana biyu a Ostareliya, Mahoney da Ross, sun yi lissafin wannan a 1972. Abin da suka fitar shi ne, idan aƙalla kashi 75 cikin 100 na maruƙa sun kamu kafin wata tara, da wuya a ga ɓarkewar cutar a garken. Hatsarin yana tsakiya, inda kaskar ba ta isa ta yi wa kowa wannan rigakafin ba, amma ta isa ta kayar da manyan da suka tsallake. Wato yawan masu ɗauke da ƙwayar a garken gargajiya, sau da yawa, shi ne dalilin da ya sa ba a ganin gawa.

Ƙari a kan haka, shanu masu tozo irin Bunaji da Rahaji da Bokoloji sun fi shanun Turai jure kaska da abin da take kawowa. Kaska ba ta cika samun yadda take so a jikinsu ba. Karsanarka kuwa rabin jininta na Turai ne, kuma in ka bincika za ka tarar a gonar da ta fito a ɗaure ta taso, ana mata feshi a kai a kai, ƙila ba ta taɓa taka ciyawar daji ba. Aka ɗora ta a mota, ta sha wahalar hanya, ta canza abinci, ta shiga garken da kaskarsa ke cike da ƙwaya, damina ta sauka. Daga cizo zuwa zazzaɓi mako biyu zuwa uku ne. Na sha ganin wannan a gonakin madara na bayan gari, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne: wadda aka fi kashe wa kuɗi ita ce ke fara kwanciya.

Wani abu da na daɗe ina yaba wa Fulani a kai, ko da ba da wannan niyya suke yi ba. Da safe wajen tatsa za ka ga mata da yara suna bin hantsa da ƙarƙashin wutsiya da hammata suna cire koti da hannu, wato babbar kaskar nan mai zane a baya da dogon baki, wadda ke lalata kan nono, ke buɗe wa kirci ƙofa, ke kuma kawo ciwon ruwan zuciya. Ƙananan masu launin toka da ke wuya da leɓe da gefen ciki ba a cika bi ta kansu ba. To waɗannan ƙananan su ne masu ɗaukar babesiya. An cire mai ɓarna a fili, an bar wadda ke yi wa maruƙa rigakafi.

Garkuwar nan tana karyewa, kada a ɗauka ta har abada ce. Yunwar ƙarshen rani, tsohon ciki, sabuwar haihuwa, sammore, ciwon hanta, doguwar tafiya, duk suna iya sa saniyar gida ta faɗi da cutar da ta shekara tana ɗauke da ita.

Maganar allurar gaba ɗaya

Dalilaina na ƙin ta ba su da wuyar fahimta. Maganin da za a yi amfani da shi, wato diminazin da aka fi sani da Berenil, ba ya taɓa anafilasma, ba kuma shi ne maganin taileriya ba, ga shi a mafi rinjayen zato su ne mafi yawan abin da gwajinka ya gani. Ko da ya wanke babesiya daga jini, kaskar tana nan a makiyaya. Uwar kaska tana zuba ƙwayar cikin ƙwanta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe da ita, su hau ciyawa suna jiran saniya. Bayan 'yan makonni an koma gidan jiya, kuɗi sun tafi. Sannan wannan maganin shi ne abin da muke dogaro da shi a kan sammore, kuma an riga an samu wuraren da ya daina ci saboda yawan amfani da shi barkatai. Ga ragowar magani a nono da nama, wanda iyalinka da masu saye za su sha.

Wanda za a yi wa allura shi ne mara lafiya, kuma da wuri. Ka sayi ma'aunin zafin jiki, bai kai kuɗin buhun dusa ba. Zafin saniya mai lafiya yana tsakanin 38 da 39. Wadda ta ware kanta, ta daina tuƙa, hancinta ya bushe, a sa mata ma'auni a dubura. In ya kai 40 ko 41, a ja fatar idonta ƙasa a duba: ja mai kyau ne, ko fari, ko rawaya? Zazzaɓin yakan riga jan fitsari zuwa, kuma wanda ya jira sai ya ga fitsari ya canza ya riga ya ba cutar kwana biyu kyauta. In fitsarin ya yi ja, a tara shi a kwalba mai haske a ajiye. Idan jan ya kwanta a ƙasa sama ta washe, jini ne ke zuba daga mafitsara ko ƙoda, a nemi wani dalilin. Idan ya zauna ja daga sama har ƙasa, jinin a cikin jiki ya fashe, babesiya ce kan gaba a zargi.

Ƙa'idar diminazin miligiram 3.5 ne ga kowane kilo, a tsoka. Ƙaramin ƙullin nan mai giram 2.36 na dabba mai kilo 300 ne, wato saniyar Bunaji guda matsakaiciya. Na sha tarar da an raba ƙulli ɗaya wa shanu uku, daga baya a ce maganin jabu ne. Wani lokaci jabun ne, amma sau da yawa awon ne bai kai ba. Imidokab, wanda ake sayarwa da sunan Imizol, yana maganin babesiya a miligiram 1.2 ga kilo, a miligiram 3 kuma yana kama anafilasma. Oksitetirasaikilin mai dogon aiki, miligiram 20 ga kilo, na anafilasma ne da ciwon ruwan zuciya, ba ya warkar da babesiya shi kaɗai. Duk wannan likita ko ma'aikacin dabbobi ya kamata ya auna ya yi. Kuma tunda gidajenmu ba shanu kaɗai ke ciki ba: diminazin guba ne ga raƙumi, amitiraz na feshi kuma ba a sa wa doki.

Saniyar da jininta ya ƙare ba a kora ta kiwo, ba a kokawa da ita wajen kayarwa. A bar ta a inuwa, ruwa da ɗanyar ciyawa a gabanta. Na ga wadda allura ta riga ta fara yi wa aiki, aka matsa mata ta bi garke zuwa mashaya, zuciyar ta tsaya a hanya.

Garke ɗaya, tsari biyu

Tunda ka haɗa iri biyu, dole kowanne da nasa tsarin. Fararen shanunka ba sa bukatar a raba su da kaska ƙaf. A rage ta dai lokacin da ta yi yawa, musamman farkon damina da koti ke fitowa da kuma ƙarshenta, a ci gaba da cirewa da hannu, a bar kaji su yi kiwo a mashekari. Wanda ya ɗauki feshin kowane mako a kan shanun gida na shekara biyu, sannan kuɗi suka yanke ya daina, ya tara maruƙan da suka girma ba garkuwa. Ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Biyun da suka rage kuwa, a yanzu a ɗauke su a matsayin waɗanda ba su da kariya. A ware musu wuri, a yanko musu ciyawa daga inda shanu ba sa kiwo ko a ba su busasshiya, a riƙa duba jikinsu da hannu, a auna zafinsu kowace safiya har damina ta wuce. Maganin kaska a kansu ya zama a kan ƙa'ida, ko na feshi ko na zubawa a gadon baya. A auna shi da sirinji yadda takardar ta ce, ba da murfin kwalba ba, kuma feshin ya jiƙa cikin kunne da hantsa da ƙarƙashin wutsiya. Likita na iya yi musu imidokab a babban awo, wanda ke ba da kariya ta kusan mako huɗu, a bar su su haɗu da kaska kaɗan a cikin wannan lokaci don jikinsu ya koya. Dabara ce mai amfani amma ba ta da tabbas ɗari bisa ɗari, kuma maganin yana daɗewa a nama, sai an kiyaye wa'adin da aka rubuta. A ƙasashe irin su Ostareliya da Afirka ta Kudu da Ajantina akwai allurar rigakafi mai rai da ake yi wa maruƙa, amma ba abu ba ne da za ka shiga shagon magani a nan ka saya. Nan gaba in za ka ƙara masu ruwa biyu, ƙananan da ba su kai wata tara ba sun fi saurin sabawa, kuma shigo da su da rani ya fi. Mafi aminci ma shi ne a yi wa shanunka na gida barbara da irin na madara, a haifi maraƙin a garkenka ya sha dakashin uwar da ta san kaskar wurin.

Akwai wani dalili kuma da ya sa nake son a san ainihin abin da ya kashe naka. Wata baƙuwar kaska, Rhipicephalus microplus, ta shigo Afirka ta Yamma a jikin shanun da aka sayo daga Barazil. An fara ba da rahotonta a Kodebuwa a 2007, ta bazu a Benin, an tabbatar da ita a Najeriya a 2017, daga baya a Kamaru. A ido ba ka bambanta ta da ƙaramar kaskarmu ta gida, amma ta fi ta hayayyafa, tana korar ta daga makiyaya, ta yi suna wajen jure magani, kuma tana ɗaukar Babesia bovis wadda ta gidan da ta fi yawa ba ta ɗauka. Inda ta kafu, har shanun gida na iya faɗuwa, domin garkuwar bigemina ba ta kare dabba daga bovis. In ka ga kaska ta yi yawan da ba ka saba gani ba, ko feshin da ke aiki da ya daina, ka cire wasu ka zuba a kwalba da sifirit a kai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Ban ga shanunka ba, ban buɗe gawar ba, kuma daga nesa ba a yanke hukunci. Jan fitsari na iya zuwa daga wasu cututtukan ko daga guba, ko da yake a baƙuwar karsana da damina babesiya ce ta fi kusa. In mahaucin da ya feɗe su yana kusa, tambaye shi: saifa ta kumbura ta yi laushi? Matsarmama ta cika da ruwa mai kauri? Kitse ya yi rawaya, jinin ya tsinke? Waɗannan suna ƙarfafa zaton. Ka koma wurin da aka yi gwajin ka nemi a rubuta maka sunan kowace ƙwaya, da irin gwajin da aka yi, da awon yawan jinin kowace dabba. A saniya mai lafiya awon nan yakan kama daga kashi 24 cikin 100 zuwa sama. Waɗanda nasu ya faɗi ƙasa da haka su ne za a ware a bincika, har da neman sammore da ciwon hanta. In kuma wata ta sake yin zazzaɓi, a ɗebi jinin kafin a yi allura, daga bakin kunne ko ƙarshen wutsiya, domin a ƙananan jijiyoyin nan ne bovis ke taruwa, a jinin wuya sau da yawa ba a ganinta.